Ofis, Kasuwa, Tasha

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara, da fatan ɗinki yana tafiya, kuma ƙafar nan da kike taka keke da ita ta yi sauƙi. Mu nan sai godiyar Allah. Antinki tana miƙo gaisuwa, haka ma 'yarki Aku.

Na ƙi kiran ki a waya ne don labarin na farin ciki ne, na fi so ki riƙe shi a hannu. Auta, na gano Malam Sahu! Wani ɗan ajinmu na firamare ne ya gan shi a layin karɓar magani, ya bi shi har gida, washegari ya kai ni. Ya tsufa, ya rame, kai fari fat, amma muryar nan tana nan yadda kika san ta. Ina yin sallama ya ce, "Wane ne? Ɗan Ofis ko ɗan Tasha?" Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Kin tuna ajinsa? Jarrabawa duk Juma'a. Litinin da safe mu jeru jikin bango da jakunkunanmu, ya shigo da takardu a hammata, ya buga tebur ya ce, "Sahu!" Daga nan ya fara kiran suna daga mai maki mafi yawa. Bencin gaba shi ne Ofis, na tsakiya Kasuwa, na baya Tasha, wai nan kowa zai ƙare idan ya girma. Har yau idan na ji ƙamshin alli sai gabana ya faɗi irin na safiyar Litinin. Na tuna tsohon ƙarfen tayar motar da ake bugawa a tashe mu, da jan biron da yake bai wa duk wanda ya riƙe Ofis har ƙarshen zango. Nawa yana nan a durowar ofishina, ko da yake ya daɗe da bushewa. Kai, an yi zamani mai daɗi.

To ga abin da na shirya. A ƙarshen zangon nan zan yi taron karrama shi a makarantata, in tara tsofaffin ɗalibansa. Ina so ki ɗinka masa riga da hannunki, mai kyau, irin wadda idan ya sa za a san ɗalibansa sun zama mutane. Kuma tun farkon zangon nan na dawo da tsarin Sahu a duk azuzuwana, da sunayensa da komai, don in nuna masa aikinsa bai mutu ba.

Af, batun Aku. Za ki yi mamaki. Yarinyar da muka laƙaba wa Aku saboda bakinta ba ya hutawa, yanzu ta yi hankali, shiru kamar ba ta gidan. Antinki har tsokanarta take yi wai an canza mana ita. A yanzu dai tana Tasha, amma kada ki damu, zafin abin ne zai turo ta gaba.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Hedimasta

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, muna lafiya, ina gaida Anti. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da wadda ta fi haka.

A shago na karanta, wata mai kawo ɗinki tana zaune, sai da ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ka sa 'yata a Tasha, kuma kana ba ni labari a ƙarshen takarda da "af", kamar ka manta ka ce in gaida maƙwabta?

Ka ce ko na tuna ajinsa. Na tuna mana. Da na shiga bayan ka wuce, ya dube ni ya ce, "Ƙanwar ɗan Ofis ce, zauna gaba." Na zauna, ina ganin allo, ina cin jarrabawa. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni wata Juma'a, Litinin na samu kaina a Kasuwa. Daga Kasuwa rubutun allo ya zama dishi-dishi, na riƙa kwafe uku a matsayin takwas. Mako na zagayowa na faɗa Tasha. Daga Tasha kuwa, Yaya, allo baƙin bango ne da aka shafa wa fari, shi ke nan. Ban sake fitowa ba har na bar makarantar.

Ni na ɗauka haka kowa yake gani, ni ce dai daƙiƙiya. Wata rana na yi ƙarfin hali na ɗaga hannu na ce, "Malam, ba na gani." Ya ce, "Mai son gani ya matso gaba da makinsa." Aji ya kwashe da dariya. Da na zo gida na faɗa maka, kana goge jan biron nan naka da bakin riga, ka ce lalaci ne.

Ka san ranar da na gane ba daƙiƙiya ba ce ni? Ina da aure, ina da cikin Aku. Wata mata ta manta gilashinta a kan teburin yanka, na ɗauka na sa don wasa, in ba yaran shago dariya. Ina ɗaga kai na karanta allon shagon da ke tsallaken titi, shagon da na daɗe ina kallo ban san akwai rubutu a jikinsa ba. Dariyar ba ta yiwu ba, na shiga bayan labule na yi kuka har na gode Allah. Kai kuma ka daɗe kana ganin gilashi a fuskata, ba ka taɓa tambayar kanka tun yaushe nake bukatarsa ba.

Na ba ka Aku ne don ka ce makarantarka ta fi ta unguwarmu, kuma Anti tana son 'ya mace a gida. Na ba ka yarinyar da take tare baƙo a ƙofa ta tambaye shi sunan kakarsa. Yanzu kana mini albishir ta yi shiru. Ni na san irin shirun nan, na yi shi, kuma ba hankali ba ne.

Ka fitar da ita daga bencin nan kafin Litinin. Batun riga kuwa, ka nemi wani tela. Allurata ba za ta taɓa yadin mutumin nan ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa, da fatan kin huce.

Takardarki ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Ban san abin da ya same ki ya kai haka ba, kuma na yi baƙin ciki. Amma da kin bar shi a batun ido, da ba ki haɗa da zagin dattijo ba.

Don in kwantar miki da hankali, washegari na bar aiki na kai Aku wurin likitan ido da kaina. Idonta garau. Ta karanta har layin ƙasa mai ƙananan haruffa, wanda ni kaina sai da na ƙanƙance ido. Kin ga ke nan abin da kike tsoro babu shi. Tana Tasha ne don makinta ya kai ta can, kuma makinta ne zai fito da ita.

Kin ce in fitar da ita kafin Litinin. Auta, ki yi tunani. In ɗauki 'yar ƙanwata in dasa a gaba ba tare da ta ci ba, da wane ido zan kalli malamaina? Me zan ce wa iyayen da 'ya'yansu suke zaune kusa da ita? Makaranta ba shago ba ce da za ki ɗaga wannan ɗinki ki sa wancan don mai shi 'yar uwa ce. Kuma tun da na dawo da Sahu, ki zo ki ga yadda yaran gaba suke karatu. Har a lokacin hutun tara za ki gan su da littafi.

Ke kina tuna magana ɗaya da ya faɗa miki. Ni bari in tuna miki wasu. Ranar da kwalba ta yanke ni a filin makaranta, shi ya ɗora ni a kekensa har asibiti, jinina duk ya ɓata masa wando. Da Baba ya rasu, ina shekarar farko a sakandare, Kawu ya yanke shawarar ya kai ni gareji in koyi gyaran mota. Wa ya tako har gidanmu, alhali na riga na bar ajinsa, ya zauna da Kawu har ya canza magana? Ba don Malam Sahu ba, da yanzu ina kwance ƙarƙashin motar wani. Mutumin da ya yi mini wannan ba zan zauna ana ci masa fuska ba, ko da daga bakin wadda muka sha nono ɗaya ne.

Kuma ba kowa Tasha ta cuta ba. Ga ki da shagonki da yaran aikinki. Maigidanki ma ai a tashar yake nema, me kuka rasa?

Na je na karanta wa Malam abin da ya kamata ya ji daga takardarki, na tsallake sauran. Ya ce zai rubuto miki da kansa. Ki karɓa da ladabi.

Yayanki

*

Ranka ya daɗe Hedimasta,

Na amsa sallama. Ban huce ba, kuma kada ka sake tambaya.

Wato ka kai 'yata wurin likita ne don ka ci ni gardama. Madalla, ka ci. Likitan ya duba maka abin da ya sa ta daina magana? Ko shi ma layin ƙasan kawai ya nuna mata?

Kai ba ka taɓa zama a Tasha ba, bari mai wuri ta ba ka labari. Malami yana tambaya, idonsa ba ya wuce benci na biyu. Littafinka shi ne na ƙarshe a dubawa, lokacin ya gaji, sai ya ja layi ya wuce. Idan abu ya ɓace a aji, jakarka ake fara zazzagewa. Ka ɗaga hannu, ka ɗaga, har wata rana hannun ya ƙi tashi da kansa. Wannan ba ruwansa da ido. Mai ido garau ma haka za a yi masa.

Na kira wayar Anti na ce a ba ni Aku. "Lafiya lau, Umma. To, Umma." Shi ke nan abin da na samu daga yarinyar da a da sai na ce ta ajiye waya kuɗi zai ƙare. Na ce, me malama ta tambaye ki yau? Ta ce, "Umma, ai mu 'yan Tasha ba a tambayarmu." Ko a muryarta babu haushi. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ka ce ya tako har gidanmu saboda kai. Gaskiya ne, ban hana shi ladansa ba. Amma ka tuna wa ta kawo masa ruwa a ranar? Ni ce, ɗalibarsa, wadda da safiyar ranar take zaune a ajinsa. Na durƙusa na ajiye kofi, na koma bakin ƙofa na tsaya. Kawu ya ce shi ba zai iya riƙe mu biyu a makaranta ba. Malaminka ya ce, "To a bar wannan, shi ne mai kai." Bai ko waiwayo ba. A shekarar aka cire ni. Kana wurin, Yaya, kana murmushi.

Maganar mijina kuma, ka kiyaye. E, a tasha yake, direba ne, yana kai mutane gidajensu lafiya ya dawo. Shi yake kawo maka takardun nan yana gaishe ka da girmamawa, bai san abin da kake rubutawa a kansa ba.

Na ce ka matso da Aku gaba, yanzu na janye. Idan ta matso, 'yar wata ce za ta koma wurinta, ita ma da uwa. Ka rushe abin gaba ɗaya, ko in zo in ɗauki 'yata. Ka zaɓa tsakanin Aku da jan biro.

Auta

*

Zuwa ga ɗiyata, ƙanwar Hedimasta,

Aminci da yardar Allah su tabbata gare ki da iyalinki. Ki yi haƙuri da rubutun, tsufa ne.

Yayanki, yaron kirki, ɗaya daga cikin mafi hazaƙar da na taɓa koyarwa, ya gaya mini kina da ƙorafi a kan zamanki a ajina. Na ji, kuma ban yi fushi ba. Malami uba ne, dole a yi masa ƙorafi.

Tun da ya tafi nake ta tunani in gano fuskarki. Na tuna shi sarai, har da yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi. Na tuna wanda yake zama damansa, ya zama likita, da yarinyar da take hagunsa, ta zama lauya. Ke kam, Allah ya sani, na nema ban samu ba. Ban ma san yana da ƙanwa ba sai da ya faɗa. Kada ki ɗauka da zafi. Tagar ajin a baya take, haske yana shigowa ta bayan 'yan Tasha, daga inda nake tsaye kawuna kawai nake gani. Ba ke kaɗai ba ce, dukansu haka ne.

Ya ce matsalar ido ce. Ayya. Da kin faɗa mini, da na duba.

Amma ina so ki fahimci tsarin, domin da alama ba ki fahimce shi ba. Yaro ba ya gudu sai ya ga abin da yake gudu daga gare shi. Tasha ita take sa ɗan Ofis ya riƙe littafi. Duk waɗanda na yaye suka zama manya, tsoron bencin nan ne ya kai su. Don haka ku ma da kuka zauna a can kun yi aiki, kuna da rabonku a cikin ladan, ko da ba ku sani ba.

Ki bar yarinya a hannun kawunta, ya san abin da yake yi.

Na ji kuma ke tela ce, kuma ke za ki ɗinka mini rigar taro. Allah ya yi albarka. Ki rage kafaɗa, na zube ba kamar da ba, kuma ki sa aljihu a ƙirji don biro.

Naki,
Tsohon malaminku

*

Auta,

Sallama. Na jira in huce kafin in rubuto, ban huce ba, ga shi na rubuto.

Abin da kika yi bai dace ba. Kin shigo makarantata ana tsakiyar darasi, ba ki biyo ta ofishina ba, ba ki gaida malamar aji ba. Kika wuce har baya kika kama hannun Aku, kika ɗauki jakarta, kika tsaya kina ce wa sauran yaran su ɗago kansu. A gaban malamaina! Har yau ana maganar a ɗakin malamai, ina shiga su yi tsit. Ko gida ba ki tsaya kin sha ruwa ba. Antinki ta yi kuka, har yanzu ba ta naɗe shimfiɗar yarinyar ba.

An yi taron. Mutane sun zo, an yi jawabai, Malam ya ji daɗi. Riga a kasuwa na saya, ta yi masa yawa.

Takardarsa kuwa, a buɗe ya ba ni, na karanta kafin in aiko miki. Ta kwana biyu a durowata. Na so in riƙe ta, ban san abin da ya sa na bai wa maigidanki ba. Kada ki tambaye ni a kanta.

Sahu yana nan, ba zan rushe tsarin makaranta don an yi mini tsawa ba. Amma ki dawo da Aku idan an dawo daga hutu. Zan zaunar da ita in koya mata da kaina kullum bayan an tashi, na yi miki alkawari ba za ta daɗe ba za ta fito da makinta. Gidan ya yi mana faɗi. Ya take? Ta fara surutun nata?

Yayanki

*

Yaya,

Na amsa sallama, muna lafiya.

Ka tambayi Aku. Na sa ta a makarantar da ke bayan shagona, ni na raka ta ranar farko. Ajin ba sahu, kowa inda ya samu. Akwai wuri a bencin gaba, dab da allo. Malamar ta yi mata murmushi ta ce, "Zo nan kusa da ni, ko ki zauna duk inda kike so."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Ta wuce bencin gaba, ta wuce na tsakiya, ko kallonsu ba ta yi ba. Ta je can baya jikin bango, ta ajiye jakarta, ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya tura ta.

Malamar ta bi ta har can ta ce, "Me ya sa nan, 'yata?"

Ta ce, "Nan ne wurina."

Ba za ta dawo ba. Ka ce wa Anti ta naɗe shimfiɗar, kuma ina gaishe ta.

Ƙanwarka,
Auta